Ranar da Na Soke Baba Modi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ba a je Hajji ba, shekarar da annoba ta sa aka rufe hanyoyi, maniyyata suka kwance jakunkunansu suka zauna gida. Kowa da abin da yake tuna shekarar da shi. Wani ciniki ne ya tsaya masa, wani 'ya'yansa ne suka dawo daga makaranta suka zauna masa a ka. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, a shekarar ne na sa kakin soja da furfurata, na kuma kashe mutumin da har yanzu da nake wannan rubutu yana nan da ransa, yana shan furarsa.

Bari in ɗauko daga farko, don ni ban iya gaggawa a labari ba.

Ni mutumin Gidan Dare ne, nan cikin Sakkwato. Aikina karantar da littattafai a zaure, bayan asuba da bayan la'asar, sai kuma kwafar rubutu idan an kawo. Da ajami na tashi, da shi nake rubuta komai, har sunan magani. Boko ina karantawa, amma kamar mai tafiya ba takalmi a kan tsakuwa.

Ina saurayi an yi wani babban soja da ya yi mulki a kanmu. Ba zan kama sunansa ba, ya rasu, kuma ya bar iyali. Mu dai Mai Sanda muke ce masa, saboda wata guntuwar sanda da ba ta rabuwa da hammatarsa. Har yau idan kana son majalisa ta hargitse, ambaci Mai Sanda ka ja da baya. Wani zai rantse maka cewa a zamaninsa kana iya barin buhun gero a bakin titi ka dawo ka same shi. Wani zai ɗaga riga ya nuna maka inda bulala ta kwanta, ko ya ba ka labarin safiyar da aka rushe rumfar ubansa da kayan a ciki. Samarin da ba su taɓa ganinsa ba kuwa sun fi mu zafi a kansa. Suna liƙa hotonsa a bayan keke mai ƙafa uku, masu wasan barkwanci suna kwaikwayon tafiyarsa, kuma duk fim ɗin da aka sa soja mai zare ido da sanda a hammata, kowa ya san da wa ake.

Maƙwabcina Baba Modi shi ba ya shiga wannan gardama. Tsoho ne manomi daga wajen Wamakko, ya dawo gari wurin 'ya'yansa da ƙarfi ya ragu, kullum yana zaune a bakin zaurena a kan buzunsa. Labari guda gare shi a kan Mai Sanda, kuma ya ba da shi har yaran unguwa suna iya ƙarasa masa. Wata shekara da hatsi ya yi tsada, aka riƙa kama masu ɓoye abinci. Sojoji suka tare Baba Modi da jakuna ɗauke da gero, geron gonarsa ne zai kai wa 'yar'uwarsa da mijinta ya rasu. Suka haɗa shi da 'yan kasuwa suka zaunar a rana a wani fili. Mai Sanda ya zo da kansa yana bin layi. Da ya iso kan Baba Modi sai ya tsaya, ya sa sandar ya juya masa tafin hannu, ya ga kanta da faso. Ya ce: "Wannan hannun manomi ne. A sake shi." Aka sake shi, har da jakunansa.

Shi ke nan labarin. Ba ya ƙara masa komai, ba ya ragewa. Idan aka ce masa, "Baba, ai mutumin nan mugu ne," sai ya ce, "Awo, na ji. Ni dai abin da nag gani nika hwaɗi."

Ina da ɗan ƙanwata mai suna Nura, magidanci ne, sana'arsa ɗaukar bukukuwa da kyamara. Da annoba ta tsayar da bukukuwa, zama ya ishe shi, sai ya tara abokansa suka ce za su yi fim a kan Mai Sanda. Ya zo neman labarin Baba Modi. Tsoho ya ƙi.

"Ku 'yan fim ƙarya kuka saidawa," in ji shi. "In na ba ku akuya, raƙumi za ku nuna ma mutane."

Nura ya yi ta roƙo, yana kallona. To a nan ne na sa baki. Na gyara zama na ce, "Baba, ba shi. Ni na tsaya mishi. In anka canza ko harahi guda, ni za ka kama." (Ku riƙe wannan maganar. Ni ne na ce harafi guda, ba wanda ya tilasta ni.) Baba Modi ya dube ni ya ce tunda Malam ya tsaya, ya yarda.

Washegari Nura ya dawo da wani tsohon hoton Mai Sanda a waya. Ya ɗora wayar kusa da fuskata, ya kira abokinsa ya ce ya duba. Wai tsawon wuyana, da faɗin goshina, da yadda nake zare ido idan ɗalibi ya yi kuskuren wasali, duk na Mai Sanda ne.

"Kawu, wallahi ko iyalinai sunka gan ka sai sun miƙe tsaye."

Na ce a'uzu billahi, ni da fim? Na kore su. Amma da suka tafi na shiga ɗaki na ɗauki madubin uwargida na zare ido. Na ga akwai ƙamshin gaskiya. Da Nura ya sake zuwa na riga na shirya wa kaina hujja: wai tunda ni na ɗauki amanar labarin, gara in kasance a ciki in tsare shi. Hujjar ta yi mini kyau ƙwarai, har na so in yarda da ita. Gaskiyar magana ita ce, tun ina yaro ba wanda ya taɓa sara mini, kuma na ji ina so.

Aka zo kan gemu. Soja ba ya ajiye gemu irin nawa. Na ce ba za a taɓa shi ba, aka yi ta ciniki, a ƙarshe na yarda wanzami ya rage kaɗan. (Ni na ce kaɗan ne. Uwargida da na shiga gida sai da ta ja mayafi ta ce maigidan ba ya nan.) Da ta gane ni ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, almajiranka za ka karantar da wagga huska?" Na ce mata aikin amana ne. Ta ce amanar ta ci gemu.

An yi ɗaukar a wani fili bayan garejin kanikawa a Tudun Wada, tsakiyar bazara. Wanda ya san zafin Sakkwato a wannan lokaci ba ya bukatar bayani. Kakin da suka samo mini mai kauri ne kamar buhu, wandon ya matse ni, takalmin kuma na wani ne mai ƙaramar ƙafa. Garba mai shayin bakin layinmu shi aka sa ya fito a matsayin Baba Modi lokacin yana da ƙarfinsa. Kanikawa biyu suka zama sojojina, da bindigogin katako, an ɗaura wa bindigogin wuƙaƙen gwangwani a baki. Sandar hammata kuwa guntun muciya ce aka shafa wa baƙin fenti.

Nura ya ba ni maganganuna a takarda da boko. Na duba na ga idan na tsaya haɗa baƙaƙen nan a gaban jama'a, asirina zai tonu. Sai na koma gefe da 'yar kwalbar tawadata da alƙalami, na rubuta abin da zan faɗa da ajami a tafin hannuna na hagu, ƙanana ƙanana, da wasulansu. Na ji daɗin dabarata. Abin da na manta shi ne, tawadarmu ta zuge da ƙaro, wato gawayi da danƙon itace, an yi ta ne don ta wanku. Duk wanda ya taɓa wanke allo ya san ba ta gardama da ruwa.

An daɗe ana ɗaukar tafiyata kawai. In fito daga mota, in bi layin mutanen da aka zaunar, in zare ido. Nura yana cewa, "Ƙara, Kawu! Ƙara ɗaure huska!" Mutanen unguwa suka cika filin, wasu a kan katanga. Wani tsoho ya ce, "La ilaha illallahu, shi na!" Kanikawan nan suka buga ƙafa suka sara mini, na ji wani abu ya taso daga ƙirjina har kunnuwana. Na fara tafiya irin wadda ban san na iya ba. Gumi kuwa yana bin hannuna ta cikin rigar, yana taruwa a tafina da na dunƙule.

Rana ta yi sanyi, Nura ya ce haske na tafiya, a yi babban wurin sau ɗaya. Na iso kan Garba yana durƙushe. Na sa muciyar na juya masa hannu. Na ce da murya mai kauri, "Wannan hannun manomi ne." Sai idon kyamarar ya matso daf da fuskata, kaina ya ɗauke kamar an hure fitila. Na buɗe hannuna na saci kallo.

A ajami, tsakanin sake da soke ba nisa. Harafin sinun da na kaf duk ɗaya ne a kalmomin biyu. Idan ɗan wasalin da ke bisa sinun a miƙe yake, sa ne. Idan ya naɗe kai, aka kuma bi shi da wawu, ya zama so. Gumi ya naɗe wa wasalina kai, wani ɗigo kuma ya gangaro gefe ya yi wutsiya, wawu sak. Mu kuwa an hore mu tun muna yara cewa idan rubutu na gabanka, abin da ka gani shi za ka karanta, kada ka yarda da ka. Malaminmu ya sha dukan mu a kan haka. Na ɗaga kai, na zare ido, na nuna Garba da sanda, na daka tsawa:

"A soke shi!"

(Wannan uzurin tawada shi na riƙa ba mutane, kuma gaskiya ne. Amma labarin da na ji ya fi a ƙirga, yaya za a yi in manta ƙarshensa? Tsakanina da Allah, kakin ya riga ya shige ni. Kalmar ta zo bakina da daɗi.)

Kanikawa ba su yi wata-wata ba. Suka yi kan Garba da wuƙaƙen gwangwani. Garba, wanda ashe ya daɗe yana jiran ranar da zai nuna bajinta, ya ƙwalla ƙara, ya riƙe ciki, ya yi birgima cikin ƙura, ya yi kalmar shahada, ya miƙe ƙafa. Fili ya ɗauki tafi da sowa. Nura ya ajiye kyamara ya rungume ni.

Na ce, "Kai, tsaya. Kuskure niy yi. Sake za ni cewa. A maimaita."

"Kawu, haske ya tahi. Kada ka damu, a na'ura za mu gyara."

Ban san yadda ake gyara magana a na'ura ba, amma ina jin ana cewa ba abin da ba ta yi. Na yarda, don ina son in yarda, ga kuma takalmi yana cin yatsuna. A hanyar gida samari suna ta miƙo mini hannu. Baba Modi yana bakin zaure ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Na shige ciki da sauri.

Watanni suka wuce. Duk lokacin da na gamu da Nura sai in ce, "Ka gyara?" Shi kuma ya ce, "Kawu, an gama komi." Na lura ba amsar tambayata ba ce. Ban matsa ba.

Da aka sassauta dokar taro, Nura ya kama wani ɗakin taro a Tudun Wada don a nuna fim ɗin, bayan la'asar, aka rufe tagogi da barguna. Baba Modi shi ne babban baƙo. Ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, ya sha turare, ya zo da 'ya'yansa da jikokinsa, har ya aika Wamakko aka ɗauko tsofaffi biyu abokan nomansa. Aka zaunar da shi a gaba, kusa da ni. Da aka fara ya ɗora hannunsa a kan gwiwata, ya bar shi nan.

Na fito a bango, ƙato, ina tafiyar nan. Ɗaki ya ɗauki kabbara da dariya. Baba Modi ya matse gwiwata ya ce, "Malam, haka yake tahiya. Wallahi haka." Ya juya ya ce wa jikokinsa, "Ku natsu, ga wurin nan tahe." Na ga leɓɓansa suna motsi tare da nawa: wannan hannun manomi ne. Ni kuma ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina roƙon Allah Ya sa na'ura ta yi aikinta, ko a ɗauke wuta. (A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.)

"A soke shi!"

Ba a gyara ba. An ma ƙara. Sun maimaita tsawar sau uku, kowace da ƙarar ganga, fuskata tana matsowa har ana ganin jijiyar goshina. Garba ya yi birgimarsa. Daga nan sai ga wani wuri da ban san an ɗauka ba: mata suna kuka a tsakar gida, maza sun fito da makara a kafaɗa.

Baba Modi ya sunkuyo ya tambayi jikansa, da muryar tsofaffi wadda ba ta san raɗa ba, "Wa anka ɗauko?"

Yaron ya ce, "Kai ne, Baba."

Tsoho ya kalli jana'izarsa har aka kai shi makwanci. Sannan ya ɗauke hannunsa daga gwiwata. Wannan ɗauke hannun har yau ina jin sa. Ya dafa sandarsa ya miƙe, inuwarsa ta rufe rabin bangon, ya juya ya fuskanci jama'a.

"To, jama'a, ni da ke tsaye nan, aljani na?"

Ɗaki ya fashe. Wasu suna dariya har da faɗuwa daga benci. Wani daga baya ya ce, "Ai haka yake, mugu ne, ya yi abin da ya fi haka!" Wani ya ce, "Ƙarya kake, ubanka ne mugu!" Aka fara ɗaga kujeru. Ɗaya daga tsofaffin Wamakko, wanda ba ya ji sosai, yana ta jan rigar ɗan'uwansa yana tambaya yaushe Modi ya rasu ba a gaya musu ba. Ni kuwa ina zaune, na rufe rabin fuska da rawani, ina fatan ƙasa ta yi mini abin da ta yi wa Garba. Baba Modi bai dube ni ba. Ya tattara mutanensa suka fita.

Na tare Nura a waje. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Mun gwada da sakin, ba ya da armashi. Mutane ba su son soja mai tausai. Kuma kai kac ce soke, ba ni ba." Na ɗaga hannu zan mare shi, na tuna maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, na mayar da hannun aljihu.

Kafin mako ya zagayo, guntun wurin nan ya shiga wayoyin mutane. Ba wanda ya damu da sauran fim ɗin, tsawar kawai ake turawa. Idan na fito masallaci yara su buga ƙafa su sara. Na je sayen tsire, mai tsiren ya ɗaga yanka ɗaya da tsinke ya ce, "Ranka ya daɗe, a soke shi?" Ɗalibaina manya, masu gemu, idan ɗaya ya yi kuskuren karatu sai in ji wani ya yi ƙasa da murya ya faɗi kalmar, kafaɗu su kama rawa. Mafi muni, na ji da kunnena wani saurayi a majalisa yana kafa hujja da ni: wai Mai Sanda ya taɓa sa an soke wani manomi a gaban jama'a, shi ya gani a waya. Da wani yaro ya ce ai manomin yana Gidan Dare da ransa, aka ce masa ya yi shiru, me ya sani.

Buzun Baba Modi ya ɓace daga bakin zaurena. A masallaci ya koma ɗaya gefen sahu. Idan na yi masa sallama yana amsawa cikakkiya, don ba ya wasa da haƙƙin sallama, amma ba ya ƙara ko "ya gida". Na yi ta ɗaga zuwa wurinsa, yau in ce gobe. Uwargida ce ta gaji ta ce, "Kai da ka iya tsawa gaban duniya, ƙofar tsoho guda ta gagare ka?"

Na je bayan la'asar. Na same shi yana gyaran igiyar akuya. Na tsuguna, na fara bayanin wasali da wawu da gumi. Ya bar ni na gama tsaf.

"Malam, ni ban yi karatu ba, ban san wawu ba. Kai dai kac ce in anka canza harahi in kama ka."

Na ce haka ne.

"Kana tsammani dariyar da anka yi man ta dame ni? Ni tsoho na, an yi man dariya tun ba a haihe ka ba." Ya ajiye igiyar. "Mutumin nan ban ce na kirki ba ne. Ƙanena rumfarshi anka rushe, har ya mutu bai sake tsayawa da ƙahwahunai ba. Ranar gobe ƙiyama masu ƙara za su yi yawa a kanshi. Ni ɗai ke da shaida guda ta alheri, ita nika riƙe da ita shekara da shekaru, don wanda yay yi maka alheri ba ka ɓoye shi. Yanzu jikana na cikina ya ce man, Baba, ko dai ka manta ne, ai a waya an nuna soke ka anka yi."

Na ce zan sa Nura ya zo da kyamara a sake ɗauka.

"Ba ni son na'ura. Na ga aikinta." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kayan nan na soja suna nan?"

Na ce ana iya samowa.

"To ka sa su. Ka taho da ƙahwa tun daga bakin titi, da rana, ba cikin mota ba. Ka zo nan ƙofar gida gaban jikokina, ka hwaɗi abin da mutumin yac ce."

Na ce, "Baba, da rana?"

"Da dare kas soke ni?"

Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da layinmu ya fi cika, na fito daga shagon wani tela a bakin titi cikin kaki. Gemuna ya riga ya dawo, wandon kuma ya ƙara matsewa, don haka abin da ya bi layin Gidan Dare ranar bai yi kama da kowane soja ba. Masu shago suka fito. Yara suka biyo ni suna buga ƙafa, suna rera kalmar nan. Liman ya hango ni daga nesa, ya juya ya shiga wani lungu don ya rufa mini asiri. Wancan karon kakin ya sa na ji ni wani ne. Wannan karon kowane taku ina jin ko ni wane ne, malamin zaure mai ciwon gwiwa, riƙe da muciya.

Baba Modi yana zaune a ƙofar gidansa a ƙasa, ba buzu, yadda aka zaunar da su a wancan fili. Jikokinsa sun kewaye shi. Da na tsaya a kansa hayaniya ta mutu. Na sa sandar na juya tafin hannunsa. Ban taɓa duban hannun nan da kyau ba sai ranar, duk zaman da muka yi. Kantar tana nan, shekarun zaman gari ba su goge ta ba. Muryata ta ƙi yin kauri.

"Wannan hannun manomi ne. A sake shi."

Ya juya ya dubi jikan nan nasa. "Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Haka anka yi." Ya miƙo mini hannun na ɗaga shi tsaye. Ya kakkaɓe rigarsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To Malam, ni ma na sake ka."

Wani daga cikin dattawan layi ya ce, "Subhanallahi! Modi, saki nawa?"

"Guda," in ji Baba Modi. "Shina iya dawowa. Gobe a shimfiɗa man buzuna."

Aka yi dariya, ni ma na yi, ina share ido da hannun rigar soja.

Na ji an ce wani ya ɗauki wannan a waya, amma bai yi nisa ba, mutane kaɗan suka tura. Tsawar kuwa har yau tana yawo, kuma na tabbata akwai garuruwan da a wurinsu Mai Sanda ya soke manomi, ba mai iya raba su da wannan. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa abin da ya yi, ni kuma Ya yafe mini abin da na ƙara masa.

Yanzu idan ɗalibi ya karanta mini wasali ba daidai ba, ina gyara masa a hankali, ba na zare ido. Idan kuma aka tambaye ni ra'ayina a kan Mai Sanda, sai in ce su tambayi wanda ya gan shi. Ni sau ɗaya na zama shi, da yamma guda, kuma a cikin yammar na kashe mutumin da shi ya bari da rai.